Bowa ce ko mesa? A duba leɓe, a bar launi

Tambaya: Wata malama da ke koyar da kimiyyar halittu a wata kwaleji a nan Yamai ta rubuto cewa ɗalibinta ya kawo mata hotuna biyu a salula. Macizai ne biyu, kore shar, kowanne ya yi gammo a kan reshe ya ajiye kansa a tsakiya. An rubuta ɗaya bowa ce, ɗaya mesa. Aji ya rabu biyu, wasu na cewa maciji ɗaya ne aka ba suna biyu. Ta ce: "In ba ɗaya ba ne, ta ina zan gane su? Kuma koren macijin da masu lambu ke gani a kan mangwaro wajen Saga, cikinsu yake?"

Amsa: Malama, sannu da fama da yara, Allah ya ba da lada. Waɗanda suka ce maciji ɗaya ne ba su yi abin dariya ba, don a intanet an sha liƙa sunan wannan a ƙarƙashin hoton wancan. Amma kama da wane ba ta wane. Macizai biyu ne daban, daga gida biyu daban, kuma tekun Pasifik gaba ɗayansa yana tsakaninsu. Ba su taɓa haɗuwa a daji ɗaya ba.

Bowar ƴar Amurka ta Kudu ce. Masana na kiranta Corallus caninus, kuma masanin halittu Linne ne ya fara rubuta ta a 1758. Gidanta dazuzzukan ruwan sama na Giyana, Surinam, Giyanar Faransa, gabashin Benezuwela da arewacin Burazil. A 2009 aka ware ta kwarin Amazon, wadda ta fi girma, aka mayar mata da sunan Corallus batesii. Ita kuwa mesar, Morelia viridis, Hermann Schlegel ya bayyana ta a 1872. Tana tsibirin Niyu Gini, wanda rabinsa ke hannun Indonesiya, da ƙananan tsibiran da ke kewaye da shi irin su Aru da Biyak, sai wani ɗan yanki na Kef Yok a can ƙuryar arewacin Ostireliya. Ki faɗa wa yara wannan Ginin ba ta Konakiri ba ce, don na tabbata wani zai tambaya. Ita ma a ƴan shekarun nan an raba ta, na arewacin tsibirin suka koma Morelia azurea. Saboda haka in hoto ya zo da sunan wurin da aka ɗauke shi a daji, magana ta ƙare.

Sai dai yawancin hotunan da ke yawo a cikin keji aka ɗauke su, a Turai ko Amurka, ba su da gari. To a nan sai fuska.

Ki karɓi salular yaron, ki sa yatsu biyu ki buɗe hoton har kan macijin ya cika gilashin, ki bi layin baki daga hanci zuwa bayan ido. Za ki ga wasu ƴan ramuka a leɓe. In ramukan sun jeru reras a leɓen sama tun daga gaba har bayan ido, masu zurfi, baƙaƙe, a leɓen ƙasa ma ga su a jere, bowa ce. Bakinta cike yake da su, ko daga nesa ana gani. In kuwa leɓen sama sumul yake a ƙarƙashin ido, ramukan sun tsaya a gaba kawai, a tsinin hanci da ɓawo biyu ko uku na farko, sauran kuma suna leɓen ƙasa can wajen baya a cikin wani ɗan kwari, mesa ce. Wanda hotonsa ya fito tas zai ƙara ganin wani abu: ramin bowa a tsakanin ɓawo biyu yake zaune, na mesa kuwa a jikin ɓawon kansa aka haƙa shi.

Ramukan nan aiki suke yi. A ƙasan kowanne akwai jijiyoyi masu jin zafin jikin dabba daga nesa, ba sai an taɓa ba. Da rana macijin yana gammo a reshe, ko motsi ba ya yi. Da dare sai ya kama reshen da wutsiya, ya sako gaban jikinsa ƙasa, ya lanƙwasa wuya ya tsaya cik yana jira. Kusu ya zo wucewa a cikin duhu, idonsa bai ga komai ba, amma ɗumin jikinsa ya riga ya tona masa asiri. Mesar gida ma tana da irinsu a leɓe. In kin kai yara gidan tarihi na Bubu Hama kuka tarar da mesa a ɓangaren dabbobi, ki sa su duba bakinta ta bayan shinge, za su ga abin da ido.

Bayan leɓe sai doron hanci, tsakanin ido da ƙofar hanci. Na bowa an shimfiɗa shi da manyan ɓawo masu faɗi, ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Na mesar kuwa ƙanana ne birjik kamar an barbaɗa ƙwayar gero, ba mai haƙurin ƙirga su. Ni a wurina wannan ita ce alamar da ta fi sauƙi ga yaro ɗan kwaleji, don ko hoton bai nuna gefen baki ba yakan nuna saman kai. Kan bowa kuma ya fi girma da tsawo, ƙeyarta ta yi tudu biyu na tsoka. Kan mesar gajere ne, hancinta a ɗan kumbure, wuyan ya rabu da kai sosai. Ido kam ba zai taimake ki ba, dukansu tsagar idonsu a tsaye take irin ta masu farautar dare.

Zanen baya shi mutane suka fi dogara da shi, kuma shi ya fi yaudara. Bowar Giyana tana da fararen zane masu karkace da suke gicciye bayanta nan da can, ta Amazon kuma farin layi ne ya bi ƙashin baya tun daga wuya har wutsiya, da ƴan rassa suna sauka gefe. Cikinsu rawaya. Mesar ba ta da tsari ɗaya. Ta tsibirin Aru farin ɗigo-ɗigo ne a warwatse, ta wajen garin Sorong a Niyu Gini shuɗin layi gare ta a baya, ta Biyak takan girma da sauran rawaya a jiki, ta Merauke a kudancin Niyu Gini da ta Ostireliya kuwa farin layi ne a ƙashin baya, wanda in ba a lura ba sai a rantse bowar Amazon ce. Ga kuma masu kiwo da suka yi shekaru suna haɗa iri don su fitar da shuɗiya ko mai yawan rawaya su sayar da tsada. Ƙaramar doka ɗaya dai tana aiki sau da yawa: farin da ya gicciye jiki na bowa ne, farin da ya zo ɗigo-ɗigo na mesa ne, shuɗi kuma ya fi karkata wajen mesa. Amma kada ki ba yara maki a kan wannan kaɗai.

Tsawo bai raba su sosai ba. Mesar takan tsaya wajen mita 1.5, da wuya ta kai 2. Bowar Giyana wajen mita 1.8, ta Amazon tana wuce 2. Hoto ba ya nuna wannan.

Akwai alamomin da sai maciji na hannu, ko ƙwarangwal. A ƙarƙashin wutsiyar mesa ɓawon layi biyu ne, na bowa layi ɗaya. Yawancin mesa na da haƙora a ɗan ƙashin da ke can gaban muƙamuƙin sama, bowa ba ta da ko ɗaya a wurin. Mesa na da wani ƙaramin ƙashi a saman kwarmin ido wanda bowa ba ta da shi. Dukansu suna da dogayen haƙoran gaba masu lanƙwasa baya, don wanda ya kama abinci yana rataye ba shi da damar kamu na biyu, in ya kuɓuce ya faɗi ƙasa shi ke nan. Na bowar sun fi tsawo, suna cikin mafi tsawo a macizan da ba su da dafi in aka gwada da girman kai. E, dukansu ba su da dafi. Naɗe abin da suka kama suke yi su matse. Abin da ake faɗa a gari cewa mesa karya ƙasusuwa take yi kafin ta haɗiye, ba shi ke kashe dabbar ba: binciken da aka buga a 2015 a kan wata bowa ya nuna matsewar gudanar jini take tsayarwa, zuciya ta kasa turawa, dabbar ta mutu da sauri. Abincinsu kuma yawanci su kusu ne da sauran ƙananan dabbobi masu gashi. An daɗe ana rubuta cewa tsuntsaye suke ci saboda suna bisa itace, da aka duba cikinsu sai aka ga tsuntsu kaɗan ne a ciki.

Inda suka rabu da gaske, kuma inda darasinki zai yi daɗi, wajen haihuwa ne. Koriyar mesa ƙwai take sakawa, sau da yawa goma sha zuwa ashirin da wani abu, a cikin kogon itace. Sai ta naɗe su ta rufe ruf, ta yi kwanci wajen kwana 50 ba ta cin komai, har su ƙyanƙyashe. Bowar ba ta saka ƙwai. Ƴaƴan a cikinta suke girma wata shida zuwa bakwai, ta haife su da rai, kowanne a cikin wata siririyar jaka mai ruwa wadda yake fasawa ya fita. Sukan kai shida zuwa goma sha huɗu. Duk hoton da kika ga koren maciji ya naɗe fararen ƙwai, ba sai kin duba leɓe ba.

Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne, dukansu biyu ba kore ake haihuwarsu ba. Ɗan bowa ja ne irin na jan bulo ko ruwan lemo, ya yi wata tara zuwa shekara kafin koren ya mamaye shi. Ɗan mesa kuwa ko dai rawaya ne ɗau mai ɗigon ja da fari, ko ja mai duhu, kuma a Niyu Gini uwa ɗaya kan ƙyanƙyashe launi biyun a kwanci ɗaya. Na Ostireliya duk rawaya suke fitowa. Masu binciken da suka bi su a dajin Kef Yok sun ga suna rikiɗa idan sun kai wajen santimita 55, suna da kamar shekara ɗaya, kuma rikiɗar ta zo daidai da sauya mazauni. Ƙaramin a bakin daji yake zama, a ƙananan tsirrai inda rana ke ratsowa, yana cin ƙananan ƙadangaru. Yakan ɗaga tsinin wutsiyarsa, mai launi daban da jiki, yana kaɗa shi a hankali a gaban bakinsa, ƙadangare ya zaci tsutsa ce ya matso. In ya girma sai ya shige cikin ganye mai duhu, inda kore ke ɓoye shi daga tsuntsaye masu farauta. Don haka ɗan maciji rawaya shar a gammo bisa reshe, mesa ce kusan tabbas. Jan ne ke buƙatar a koma duba hanci.

A nan ina so ki yi hattara da jimlar da ke cikin littattafai da yawa, cewa bowa haihuwa take, mesa ƙwai, bowa na Amurka, mesa na Afirka da Asiya. Rabin maganar daidai ne: duk wata mesa a duniya ƙwai take sakawa, har da namu biyu, babbar Python sebae ta bakin kogi da gandun dajin W, da ƙaramar Python regius mai dunƙulewa ta ɓoye kai in ta tsorata. Amma dangin bowa ba a Amurka kaɗai suke ba. Akwai su a Madagaska, akwai wasu masu launin ƙasa a Niyu Gini ɗin kanta, maƙwabtan koriyar mesa, kuma akwai su a ƙarƙashin ƙafarmu. A yashin Sahel ɗin nan namu akwai wata gajeriyar bowa mai kauri, Eryx muelleri, mai ƙananan idanu da guntuwar wutsiya, jikinta ruwan madara da manyan tabo masu duhu. A cikin rairayi take nutsewa, ta bar ido da hanci kawai a waje tana jiran kusu. Manomi in ya tono ta yakan kashe ta da zaton mai dafi ce, alhali ba ta da shi. Ita wannan bowar tamu ƙwai take sakawa. Yaron da ya haddace "bowa ba ta ƙwai" zai faɗi a kan macijin gonar ubansa.

Kuma in littafinki tsoho ne, kina iya tarar da bowa da mesa a gida ɗaya, don an daɗe ana lissafa mesa a matsayin reshe a cikin dangin Boidae. Suna da abubuwan da suka haɗa su: huhu biyu, da wasu ƴan ƙumbuna biyu a gefen dubura, ragowar ƙashin ƙugu, waɗanda suka fi girma a jikin namiji. Binciken ƙwayoyin gado ne ya raba gardamar. Ya nuna dangin mesa na kusa su ne wani maciji mai haƙa rami na Meziko da wani mai sheƙi na kudu maso gabashin Asiya, kuma hanyarsu da ta bowa ta rabu tun miliyoyin shekaru masu yawa. Yanzu mesa na da gidanta, Pythonidae.

To me ya sa suka yi kama haka? Masana na cewa sana'a ɗaya ce ta sa. Macijin da zai rayu a saman itacen dajin da ruwa ba ya yankewa, ya yini a fili bisa reshe tsuntsaye na shawagi a kansa, ya yi farauta da dare yana rataye, abubuwan da zai buƙata sanannu ne: kore don ɓuya, farin da zai karya siffar jiki ya yi kama da hasken da ke ratso ganye, wutsiya mai kamu, jiki marar nauyi, dogon haƙori, da ramukan jin zafi. Duk wanda ya rasa ɗaya cikin waɗannan yunwa ko shaho ya rage zuriyarsa. A 2016 wasu masana biyu na jami'ar ƙasa ta Ostireliya, Esquerré da Keogh, suka auna kawunan bowa da mesa sama da dubu a gidajen adana dabbobi, suka ga abin bai tsaya kan korayen nan biyu ba. Mai zama a itace ya yi kama da mai zama a itace na ɗaya gidan, mai haƙa rami da mai haƙa rami, na ruwa da na ruwa, fiye da yadda kowanne ya yi kama da ɗan'uwansa na jini mai wata sana'ar. Launi da siffar kai suna gaya miki inda maciji yake zaune da abin da yake ci. Asalinsa kuwa sai a ƙashi, da haihuwa, da tsarin ɓawo.

Cikin yaran ba za a rasa mai cewa zai saya ya kiwata ba, tunda suna ganin masu yi a TikTok. Ki kashe masa gwiwa tun da wuri. Macizan nan suna son zafi tsakanin digiri 26 zuwa 30 da laima mai yawa kullum. Yamai a Afrilu da Mayu tana wuce 40, a hunturu kuma iska kan bushe har laima ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da tsakar rana sau ɗaya ya isa. Bowar ma ta fi wuyar sha'ani, cikinta a hankali yake narkar da abinci, in aka ba ta da yawa ko zafi bai daidaita ba sai ta fara amayarwa, kuma in ta fara da wuya ta daina. Dukansu suna rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ke ciki, ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda. Takardar ma ba kullum take faɗin gaskiya ba: binciken Lyons da Natusch na 2011 ya gano aƙalla kashi 80 cikin 100 na korayen mesa da Indonesiya ke fitarwa da sunan na kiwo, daga daji aka kamo su aka bi da su ta gidajen kiwo.

Saura na mangwaron Saga. Ba ya cikinsu, kuma nan ne nake so ki fi jan kunnen yara, kada su ɗauki "koren maciji ba shi da dafi" daga darasin nan su kai lambu. Wanda masu lambu ke gani a bakin kogi, siriri, dogo, mai saurin tsiya, da rana yake yawo, ƙwayar idonsa a zagaye, yawanci ɗan gidan Philothamnus ne, mai cin kwaɗi da ƙadangaru da tsaka. Ba ya yin gammon nan a reshe, ba shi da rami a leɓe, ba shi da illa ga mutum. Amma kore a duniyar macizai ba na mutanen kirki kaɗai ba ne. A dajin Amazon ɗin da bowar take akwai wani kore mai mugun dafi, Bothrops bilineatus, Asiya ma cike take da irinsa, alamarsu rami ɗaya tak babba tsakanin ido da hanci. A dazuzzukan gaɓar teku, su Gana da Togo da Kodebuwa, akwai koriyar mamba. A dajin itatuwa na ƙasashen da ke kudu da mu kuma akwai Dispholidus typus, wanda namijinsa kan zama kore, mai gajeren kai da ido ƙato fiye da kima. Shi ne ya kashe masanin macizai Karl Schmidt a Cikago a 1957, ƙaramin maciji ne ma, kuma mutumin bai ɗauki saran da muhimmanci ba.

Yaro ba zai iya raba waɗannan a cikin ganye ba, babba ma ba kowa ba. A bar maciji ya wuce, in ana son sani a ɗauki hoto daga nesa. Wanda ya fi cika gadajen likita a ƙasar nan ma ba kore ba ne, kububuwa ce mai launin ƙasa da ake takawa a gona da damina. In sara ya auku, kowane launi ne, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba. A cire zobe da munduwa kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa likita. Ko ya ce garau yake ji a bar shi a hannun ma'aikatan lafiya su sa masa ido, don dafin kububuwa da na Dispholidus jini suke hana daskarewa, kuma zubar jinin daga dasashi ko a fitsari tana iya jinkirtawa sa'o'i da yawa, wani lokaci har washegari.